Shekarar Da Aka Sha Dutse A Gayaunata

Gayaunata tana kan kufai, gabas da gari, bayan an wuce marina an gangara wajen kukoki. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, mai laushi, in ka dunƙula ta a hannu sai ta riƙe kamar tuwon jiya. Mutanen da suka zauna nan tun kafin kakannin kakanninmu sun bar tokarsu da jujinsu da kashin awakinsu, suka tafi inda Allah Ya kai su. Ban taɓa tambayar ko su wane ne ba. Fartanya takan tono tsingaro, wani lokaci ɗan dutsen wuya ko kashin maƙera, in tsince in jefa kan iyaka, in ci gaba da abin da ya kawo ni.

Maigidana ne ya yanka mani ita daga cikin gandu, shekarar da na haifi ɗiyata ta fari. Da ya rasu gandu ya koma hannun ƙaninsa, amma gayauna ta zauna a hannuna, don duk gari an san tawa ce. 'Ya'yana mata ne, suna ɗakunansu, ɗaya a Tsiga, ɗaya can wajen Danja. Namiji bai tsaya mani ba. To macen da ta kai shekaruna, ba miji ba ɗa, abu biyu ne a gabanta: ko ta ci daga rumbunta, ko ta ɗauki ƙwarya ta tsaya ƙofar ɗakin wata ana auna mata. Ni ina da rumbuna a bayan ɗaki, ɗan ƙarami, kufai ke cika shi. Dawa da wake in ci, auduga in kaɗa in sayar da zare. Ban taɓa cewa matar kowa ta sam mani ba.

Daminar da nake ba da labari, ruwa ya sauka da kyau. Dawa ta kai ƙugu, auduga ta buɗe ganye, ina shirin maimai. Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ya zaizaye gefen ɗan tudun da ke tsakiyar gonar, ya bar kwari kamar an ja da galma. A cikin kwarin ga gefen wani farin abu ya leƙo. Na gan shi, na zagaye shi. Dutse ne, ba ya ci ba ya sha, ba ya tare mani kunyar shuka ko ɗaya.

Ƙanin mijina ne ya biyo ta nan zai tafi gandu, rana ta riga ta ɗaga, yadda ya saba. Mutum ne da ƙotar fartanya ba ta taɓa yi mashi kanta a hannu ba. In ana neman shi, a duba inda inuwa ta fi kauri. Ya tsaya ya ce, "Matar Yaya, me kike ɓoyewa a nan?"

Na ce, "Abin da na ɓoye yana gaban idonka, dawa ce. Wuce, 'ya'yanka suna can tun asuba."

Bai wuce ba. Ya durƙusa gaban farin abin nan ya share shi da hannu, ya koma gida ya ɗauko dagi. Ran nan na fara ganin gumi a goshin bawan Allahn nan. Kafin azahar ya fito da shi: faffaɗan dutse, faɗinsa ya kusa na ƙyauren ɗaki, fari kamar kindirmo, sumul kamar an shafe shi da mai, gefe ɗaya a karye. Ba irin duwatsunmu ba ne, wannan kam na yarda. A fuskarsa an karta zane layi layi, wasu kamar sawun kaza, wasu kamar ƙugiya, wasu kamar an gicciya kara biyu. A ƙarƙashinsa akwai wasu gutsattsari, ɗaya kewayayye kamar an yanko gindin turmi, an yi mashi kwarmi kwarmi daga sama har ƙasa, ɗaya kuma kusurwa ce da aka sassaƙa mata wani abu mai kama da ganye. Ko gini ne ya rushe, ko me, oho.

Na ce ya mirgina mani su kan iyaka. Ya ce sai Malam ya gani.

Malamin unguwarmu ya zo da butarsa, mutane na biye da shi, duk ta cikin dawata. Dattijo ne mai taushin murya, shi ke raɗa sunan 'ya'yanmu, shi ke rubuta mana rubutun sha in ciwo ya kama. Ya tsuguna ya dubi dutsen ta dama. Ya tashi ya koma ya dube shi ta hagu. Ya sa aka juya mashi dutsen, kai ya koma ƙasa. Ni ban yi karatu ba, baƙi ɗaya ban sani ba, amma na san fuskar mutumin da aka tambaye shi hanya a garin da bai taɓa zuwa ba. Da ya ce bai sani ba, da an watse, da na gama maimai. Sai ya yi gyaran murya ya ce rubutun mutanen farko ne, tun kafin a sa wa baƙaƙe ɗigo, kuma ba kowane baki ya kamata ya furta shi ba.

Aka ce, "Allah gafarta Malam, ko kaɗan dai a ɗanɗana mana."

Ya ce, "Akwai nauyi."

Laka ta cike zanen, sai ya tsiyaya ruwan buta don ya wanke. Ruwan ya bi layukan nan ya gangaro ta karyayyen gefen. Ƙanin mijina, wanda ya daɗe yana kukan ciwon baya duk lokacin da aiki ya taso, ya tara hannu ya tari ruwan ya kurɓa, ya shafa sauran a fuska. Kowa ya juya yana kallon Malam. Malam bai ce a sha ba, bai kuma ce kar a sha ba. Ya dubi sama yana jan tasbaha.

Shi ke nan. Ku da kuka san rubutun allo, sau ɗaya ake wanke shi, a sha, allo ya koma fari, in kana son wani sai ka koma wurin malam da ɗan abin sadaka. Wannan kuwa rubutu ne da ba ya wankuwa. Ka zuba tulu guda, yana nan. Ka zuba goma, yana nan. Mutanen garinmu suka ga sun samu rijiyar rubutu. Kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da aka rubuta ɗin. Ko addu'a ce, ko zagi ne, ko wani ne ya karta sunan jakinsa, duk ɗaya, a dai sha.

Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai Tsiga. Daga nan Danja, daga nan Bakori. Har fatake masu gangarowa daga Matazu suka riƙa ratsewa da jakunansu. Masu tari, masu ciwon ido, matan da haihuwa ta yi wa nisa, samari masu neman farin jini, wani ma ya zo don yana da shari'ar gado. Fulani suka zo da goruna suna ɗiba wa shanu. Hanya ta fito fetal daga bakin marina har tudun, ta tsakiyar kunyoyina, sannan ta haihu, ta zama biyu, ta zama ban san adadi ba, don ɗan Adam in ya ga inda zai yanke ba ya zagaye. Masu fura suka kafa ƙwaryarsu a kan wakena. Wata ta share wuri ta dasa murhu tana suyar ƙosai, kuma da karan dawata ɗanye ta yi rumfa.

Na tsaya da sanda na kori jakuna, masu jakunan suka ce, "Haba Iya, albarka ta sauka a gonarki kina fushi?"

Na ce, "Albarkar da ke da kofato ban taɓa gani ba sai bana."

Wani mai ɗan gemu kamar na bunsuru ya ce wai in yi haƙuri, duk zangarniyar da ta tsira za ta ninka. Na ce mashi ya je ya kwanta in bi ta kan cikinsa da jaki, in ya tashi ya gaya mani ko ya ninka.

Shi kuwa ƙanin mijina sai ga shi da rawani. Aro ya yi, na san mai shi. Ya shimfiɗa buzu a gindin dutsen, shi ke zuba ruwa, shi ke tara ƙoƙo, mutane na durƙusa mashi suna ce mashi mai dutse. Kaji da goro da ƙullin gishiri suna shiga gidansa. Bayansa da ke ciwo ya warke sarai, yini yake yana sunkuyo yana ɗagowa. Na same shi da hantsi, na ce, "Kai, tashi mu yi magana."

Ya ce, "Matar Yaya, ki yi a hankali, akwai baƙi."

Na ce, "Baƙinka ne, a gonata. Ka ɗauke dutsenka ka kai zaurenka, su tattake maka daɓe."

Ya ce wai Malam ya ce in aka raba shi da inda aka same shi, sirrin zai tashi. Ya ƙara da dariya, "Ke da za ki aure ni tun da Yaya ya rasu, da yanzu ke ce uwargidan mai dutse."

Na ce, "Da in auri mai dutse gara in auri dutsen, shi ko ba komai yana zama inda aka ajiye shi."

Aka yi dariya, har da shi. Dariyar ba ta tayar da karan dawa ko ɗaya ba. Da yamma matarsa ta aiko mani da cinyar kaza a akushi. Na mayar.

Da abin ya tsaya nan, da na tsira da rabi. Gefen arewa ba a taɓa shi ba, dawar can ta fara ɗaukar ciki. Amma samarin gari suka ga kaji na shiga gida ɗaya, suka ce inda aka samu ɗaya akwai ɗan'uwansa. Suka bar gandayen iyayensu ciyawa na ci, suka zo da dagi da sangwami da kwanduna. Ba wanda ya yi mani sallama. Su tona nan, su bar rami, su koma can. Suna fito da gutsattsarin farin dutse, wani da rabin layi a jiki, wani ba komai, su goge da riga su ruga da shi. Wanda bai samu mai zane ba, na ga da idona, ya zauna bayan kuka da tsinin wuƙa yana karta nashi. Wasu suka fara ɓantarar gefen babban dutsen suna niƙawa, wai a ɗinke a laya. Katti majiya ƙarfi, waɗanda in ka ce su ɗauke maka dami sai sun tambayi me za a ba su, suna haƙa rami ya shanye su har wuya don abin da ko akuya ba za ta lasa ba.

Na je wurin mai gari. Ya saurare ni yana tauna goro, ya ce a yi haƙuri, abin na jama'a ne. Na lura akwai sabon tulu a zaurensa an rufe da faifai, kuma ba ruwan rijiya ne a ciki ba.

Sai wata rana ɗaya daga cikin masu tonon ya ɗago wani abu daga ramin da ya fi zurfi, ya share laka, ya yi ihu ya yar. Kan mutum ne na yumɓu, girman ƙoƙon sha, an huda mashi idanu, baki a buɗe, kitso a kai kamar na mace. Ya faɗi a kan ƙasa yana kallon jama'a. Masu ƙoƙo a baki suka sauke a hankali.

A lokacin akwai wani baƙon malami da ya sauka a gari daga wajen Zazzau, siriri, mai kaifin harshe, irin waɗanda ke yawo suna wa'azi kan ragowar al'adun da. An ce tun zuwansa yake gunaguni ba a kula shi ba. Ran nan aka kula shi. Ya zo ya dubi kan, ya dubi dutsen, shi ma bai karanta ko layi ɗaya ba, amma bai tsaya juya shi ba. Ya ce wurin tsafin arna ne, dutsen nan a kansa suke yanka, duk wanda ya sha ruwansa wankin gunki ya sha, sai ya tuba.

Wayyo, ku zo ku ga tofar da yawu! Garin da jiya ba mai tulun da bai ɗiba ba, yau ba ka samun mutum ɗaya da ya sha. Wannan ya ce shi rakiya ya yi. Wannan ya ce a ƙafa kawai ya shafa. Wata da ta rantse ruwan ya buɗe mata ido ta koma lalube. Malamin unguwarmu ya ce a tambayi kowa, shi bai taɓa cewa a sha ba, kuma gaskiyarsa, bai ce ba. Rawani ya koma wurin mai shi. Ciwon baya ya dawo wa ƙanin mijina, har da sanda.

Washegari da hantsi aka aiko in zo ƙofar mai gari. Na ɗauka za a yi maganar ɓarnar da aka yi mani. Na tarar da zaure cike, malaman nan biyu a gaba, ƙanin mijina can baya ya rakuɓe. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi gaisuwa.

Mai gari ya ce, "Iya, wurin nan naki ne ko?"

Lokacin kaji dai dutsen mai dutse ne. Yau da ya zama gunki, wuri ya tuna da mai shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne, shi na zo na gaya maka kwanaki."

Baƙon malamin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, an shaida mashi cewa shekara da shekaru dawar wurin ta fi ta kowa, ko an yi fari ba ta faɗuwa. Ya ce a tambaye ni me nake ba su.

Na ce, "Su wa?"

Ya ce, "Masu wurin."

Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da nake ba wurin, toka ce da kashin awaki, a kaina nake kai su tun rani. Sai ƙuguna, shi ma na ba shi. In akwai wanda ya taɓa ganina da jan zakara a hanyar kufai, ga shi ga ku, ya tashi ya faɗa. Kuma a duk zauren nan, ni kaɗai ce ruwan dutsen bai taɓa wuce wa maƙogwaro ba. In ƙarya nake, a kawo abin rantsuwa, mu bi layi, a fara daga sama."

Ba wanda ya ce a kawo. Mai gari ya dubi rufin zaure. Wani daga baya ya ce tsohuwa ta cika baki, wani ya ce ai dama tun da can ba ta son mutane su raɓi wurin, akwai abin da take karewa. Wato korar jakunan da na yi ita ce shaidar. Na waiwaya na dubi ƙanin mijina, shi da ya san wansa ne ya yanka mani gonar, ya san abin da nake zuba mata. Yana ta gyaran ɗaurin sandarsa.

Ba a ce na yi tsafi ba, ba a kuma ce ban yi ba. Mutanenmu ba sa son magana mai gefe ɗaya. Abin da aka yanke shi ne a mayar da duwatsun cikin rami, a farfasa kan, a binne, a kewaye wurin da ƙaya, kar a sake noma shi, kar a ci abin da ya fito daga cikinsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dawar gefen arewa ta fitar da kai. A bar ni in girbe ta, sannan a sa ƙayar."

Baƙon ya ce abin da ya sha daga wurin najasa ba ya shiga cikin musulmi. Na buɗe baki in tambaye shi, to cikkunan mutanen da ke zaune kewaye da shi fa, mai gari ya ɗaga hannu. Ya ce za a ba ni wani wuri. Aka ba ni, can yamma bayan makiyaya, fako, jar ƙasa mai tsakuwa, inda ko ciyawar tumbin jaki sai ta yi shawara kafin ta tsiro.

Samarin da suka tona su aka sa suka binne. Su suka sassare dawar da ta rage, kai ya fara nauyi, suka tara suka bar ta ta ruɓe. Ina tsaye kan iyaka ina kallo. Sun yi aikin da kabbara, da ƙarfi, kowa na so a ga hannunsa. Na ga fiye da ɗaya ya sunkuya kamar yana cire ƙaya a ƙafa, ya cusa ɗan farin gutsure a lalitarsa. Dutsen dai har aka rufe shi da ƙasa ba a samu wanda ya san abin da ke jikinsa ba. Baƙon malamin ya wuce gaba kafin kaka, bai tsaya ya ga me zan ci ba.

Da aka yi girbi, kowa na kai dami gida, ni na share rumbuna na fitar da ɗan tsohon hatsin da ya rage. Ya kai ni tsakiyar rani. Ɗiyata ta Tsiga ta aiko da abin da ta iya, amma ita ma a ƙarƙashin wani take. Ranar da na kakkaɓe gindin rumbu, na ɗauki ƙwarya na tsallaka tsakar gida na tsaya ƙofar ɗakin matar ƙanin mijina. Yarinyar da ni na yi mata wankan jego. Ta fito da fara'a, ta ce, "Yaya, ai da aike kika yi." Ta cika mudu, ta sa tafin hannu ta share tozon ya koma cikin kwando, sannan ta juye mani.

Fakon na noma shi, na kai mashi taki har wuyana ya ƙage. Bai taɓa kai ni daga kaka zuwa kaka ba. Kowace shekara akwai watannin ƙwarya, kuma da ƙarfina ke raguwa watannin ke ƙaruwa. A cikin ƙayar can kuwa gyauro yakan tashi duk damina, ba shuka ba noma, dawa ta fi tsawon mutum, kai kamar an ɗora mata tulu. Tsuntsaye ke cinyewa. Ba a aiko masu su zo ƙofar mai gari ba tukuna.